Dutse a Kan Ƙanƙara: Tarihin Ƙungiyar Wasan Kalin ta Sukotlan

A tekun da ke yammacin Sukotlan, kimanin kilomita 16 daga garin Girvan, akwai wani tsibiri mai suna Ailsa Craig. Curin dutse ne guda da ya taso daga ruwa kamar an kifa ƙwarya, ba kowa a kansa sai tsuntsayen teku. Daga jikinsa ake faso dutsen da kamfanin Kays, wanda ke wannan sana'a tun 1851, yake sassaƙawa a garin Mauchline, ya goge shi sumul, ya sa masa mariƙi, ya aika da shi ƙasashen duniya. Duwatsun da aka yi wasa da su a gasar Olamfik ta hunturu a Beijing a 2022 daga wannan tsibiri suka fito.

Wasan da ake yi da wannan dutse sunansa kalin. Sukotlan ce ta rene shi, kuma ƙungiyar da ta rubuta masa doka ita ce Royal Caledonian Curling Club, wadda yau aka fi sani da Scottish Curling. Labarinta labarin malami ne da ya koyar da almajirai har suka fi shi, suka zo suka kayar da shi a ƙofar gidansa, shi kuma ya ajiye girma ya zauna ya ɗauki karatu a wurinsu.

Yadda ake wasan

Filin wasan shimfiɗar ƙanƙara ce mai tsawon kimanin mita 45, faɗinta bai wuce mita 5 ba. A kowane ƙarshe an zana da'irori, wata cikin wata, babbar cikinsu faɗinta ƙafa 12. Ita ce masu wasan ke kira gida. Kowane ɓangare mutum huɗu ne, kowa da duwatsu biyu, ana turawa bi da bi har duwatsu 16 su ƙare. Wannan shi ne turmi ɗaya, kuma a manyan gasa turmi 10 ake yi. In an gama turmi, ɓangaren da dutsensa ya fi kusa da tsakiyar gida shi ke da ci, kuma zai ƙirga maki ɗaya a kan kowane dutsensa da ya fi mafi kyawun dutsen abokin karawa kusa da tsakiya.

Nauyin dutsen tsakanin kilo 17 ne zuwa 20. Mai turawa yakan ɗan murɗa mariƙin kafin ya saki, sai dutsen ya tafi yana juyawa a hankali, yana karkata dama ko hagu, har ya iya zagaye wani dutse ya ɓuya a bayansa. Mutum biyu suna biye da shi da buroshi, a da kuwa da tsintsiya, suna goge ƙanƙarar da ke gabansa. Gugar tana ɗan ɗumama fuskar ƙanƙara, dutsen ya ƙara nisa, ya rage karkata. Madugu yana can tsaye a gida, yana nuna inda za a auna, yana ɗaga murya a goge ko a bari. Duk wanda ya taɓa zama a bakin dara zai gane abin da ke ran madugun: dutsen da ya ajiye yanzu tarko ne da ba zai kama ba sai bayan an yi wasa uku ko huɗu. Mutanen Sukotlan suna yi masa laƙabi da wasa mai ruri, saboda ƙarar da dutse ke yi in yana tafiya a kan tafkin da ya daskare.

Kafin a kafa ƙungiya

A gidan tarihi na Smith da ke garin Stirling akwai wani dutse da aka tono a wani tsohon kududdufi a Dunblane, an sassaƙa 1511 a jikinsa. Rubutacciyar shaida mafi tsufa kuwa ta watan Fabrairun 1541 ce, inda wani magatakarda mai suna John McQuhin ya rubuta cewa wani ɗan zuhudu na majami'ar Paisley, John Sclater, ya ƙalubalanci Gavin Hamilton, wakilin shugaban majami'ar, su gwada jifa da dutse a kan ƙanƙara. A zanen da Pieter Bruegel ya yi a 1565 ma ana ganin ƙauyawan yankin Flanders suna wasa mai kama da wannan. Amma a Sukotlan ne wasan ya yi saiwa.

Dalilin a fili yake. In sanyi ya kama, ƙasa ta daskare, garma ba ta shiga gona, magini ba ya kwaɓa ƙasa. Manomi da magini da masaƙi duk sun sami hutun dole, sai su nufi tafki. A can mai gonaki da ɗan ƙodagonsa suna iya zama ɓangare ɗaya, kuma in ɗan ƙodagon ne ya fi iya wasa, shi ne madugu, maigida sai ya ɗauki tsintsiya ya bi umarni. Ƙungiyar garin Kilsyth tana ƙirga shekarunta daga 1716. Ta Duddingston, a gefen Edinburgh, an kafa ta a 1795, kuma a 1804 ta rubuta dokokin da ƙauyuka da yawa suka ara.

Duk da haka kowane gari da nasa tsarin. Wani wuri mutum bakwai ne a ɓangare, wani takwas ko tara, kowa da dutse guda. Wani ya zo da dutse mai kusurwa da ya tsinto a rafi, wani ya zo da ƙato da sai ƙarfafa ke iya ɗagawa. Da hanyoyi suka gyaru, garuruwa suka fara kai wa juna ziyarar wasa, sai gardama ta yi yawa. Kafin a tura dutse ɗaya sai an ɓata rabin safiya ana musun dokar wa za a bi.

Taron 1838

A tsakiyar 1838 wata sanarwa da ba a sa mata suna ba ta fito a jarida, tana kiran masu wasan kalin su hallara a otal ɗin Waterloo da ke Edinburgh. Mutane kaɗan ne suka zo zaman farko, kuma da taron ya watse ba a yi komai ba in ba don Dakta John Cairnie na garin Largs ba. Wannan likita sananne ne a harkar, domin shi ya shahara da dabarar haƙa kududdufi marar zurfi, a daɓe ƙasansa da yumɓu, a zuba ruwa kaɗan wanda sanyin dare ɗaya ya isa ya daskarar. Shi ya jagoranci zaman, aka sake kiran taro. Ranar 25 ga Yuli, 1838, wakilan ƙungiyoyi sama da 30 suka kafa Grand Caledonian Curling Club, suka naɗa Cairnie shugaba na farko.

Abin da wannan uwar ƙungiya ta yi a shekarunta na farko shi ne har yau duniya ke tafiya a kai. Ta tsayar da dutse ya zama kewayayye, ta sa iyaka ga girmansa da nauyinsa, ta kuma tabbatar da tsarin mutum huɗu a ɓangare, kowa da duwatsu biyu. Tana buga littafin shekara mai ɗauke da sunayen ƙungiyoyi da membobinsu, tana ba da lambobin da ƙungiyoyi maƙwabta za su fafata a kansu. Ƙauyen da ke son lambar dole ya bi dokar, da haka dokar ta bazu ba tare da an tilasta wa kowa ba.

A 1842 Sarauniya Biktoriya ta sauka a fadar Scone kusa da Perth. Ba lokacin ƙanƙara ba ne, don haka basaraken Mansfield, mai masaukinta, ya sa aka nuna mata wasan a kan gogaggen daɓen katakon zauren fadar. Mijinta Yarima Albert ya karɓi zama uban ƙungiya, kuma a 1843 aka ba ta izinin ɗaukar sunan sarauta. Daga nan ne sunan Royal Caledonian Curling Club ya samo asali.

Babban Karo da tafiyar dutse ƙetare

Bikin da ya fi kowane girma a wurin ƙungiyar shi ne Babban Karo, inda arewacin Sukotlan ke fuskantar kudanci a kan tafki ɗaya a rana ɗaya. An fara shi a Penicuik a 1847. Daga 1853 ƙungiyar ta tanadi tafkinta na kanta a Carsebreck, har da tashar da jirgin ƙasa ke tsayawa ya sauke 'yan wasa da duwatsunsu. Sharaɗi ɗaya ne: kaurin ƙanƙara ya kai inci 7, don ta iya ɗaukar dubban mutane. In ya kai, sai a baza labari, kowa ya ajiye abin da yake yi ya taho. Karo na ƙarshe da aka yi shi a sarari shi ne na 1979 a tafkin Menteith, da 'yan wasa fiye da 2,000. A Janairun 2010 sanyi ya sake kamawa, aka yi ta murna, amma aka fasa saboda ba a sami tabbacin kare lafiyar taron ba. Tun 1907, da aka buɗe zauren ƙanƙara na Crossmyloof a Glasgow, wasan ya fara komawa ƙarƙashin rufi, inda inji ke daskarar da ruwa ko da rana ake ƙwallawa a waje.

Mutanen Sukotlan matafiya ne, kuma duk inda suka sauka suka tarar da tafki ya daskare sai sun nemi dutse. A Montreal 'yan kasuwarsu sun kafa ƙungiya tun 1807, kuma da dutsen ya yi wuyar samu a yankin Kebek, sai suka riƙa zubin ƙarfe suna wasa da shi. Haka wasan ya isa Amurka da Niyu Zilan da Suwidin da Suwizalan, kuma ƙungiyoyin waɗannan wurare sukan aiko da sunayensu Edinburgh a rubuta su cikin littafin uwa. A hunturun 1902 zuwa 1903 tawagar Sukotlan ta farko ta ziyarci Kanada a ƙarƙashin Rabaran John Kerr, limamin coci kuma marubucin tarihin wasan. A 1909 'yan Kanada suka rama ziyara, aka fara fafatawa a kan Kofin Strathcona, wanda har yau ƙasashen biyu ke karawa a kansa.

Waɗannan ziyarce-ziyarce sun nuna wani abu da ba kowa ya so ya gani ba. A Sukotlan shekara kan wuce ba a sami mako biyu na ƙanƙara mai kyau ba. A filayen yammacin Kanada kuwa watanni ake yi ana wasa kullum, kuma kusan kowane ƙauye da rumfarsa ta kalin.

Zinaren da ya jira shekara 82

A 1924 aka yi makon wasannin hunturu a Chamonix ta Faransa, wanda daga baya aka ɗauke shi a matsayin Olamfik ta hunturu ta farko. Ƙungiyar ta zaɓi mutum huɗu su wakilci Birtaniya: Willie Jackson a matsayin madugu, da ɗansa Laurence, da Robin Welsh, da Thomas Murray. Suka ci Suwidin 38 da 7, suka ci Faransa 46 da 4. Shekaru da dama ana ɗaukar wannan gasa a matsayin nuni kawai. Sai a 2006, bayan jaridar Herald ta Glasgow ta bi diddigin maganar a madadin iyalansu, kwamitin Olamfik na duniya ya tabbatar da cewa zinare ne cikakke. A lokacin babu ko ɗaya daga cikin huɗun da ke raye.

Kayen 1959

A 1959 aka shirya karawa tsakanin zakarun Sukotlan da na Kanada a kan wani kofi da masu sana'ar barasar wiski suka ɗauki nauyinsa, ana kiransa Kofin Scotch. Yau shi ake ƙirgawa a matsayin gasar duniya ta farko. Sukotlan ta fito da Willie Young na Airth, gwanin da ake ji da shi. Kanada ta turo samari 'yan gida ɗaya daga Regina: Ernie Richardson da ɗan'uwansa Garnet, da 'yan uwansu Arnold da Wes. Aka yi wasa biyar a Sukotlan, baƙin suka cinye biyar ɗin.

Abin da ya fi cin ya girgiza masu gida shi ne salon. Ɗan Sukotlan ya saba ya tsaya kusa da matokara, wato inda ake tokare ƙafa, ya saki dutse a hankali, a tara duwatsu a gida, a yi ta lallaɓawa ana neman kafa. 'Yan Richardson kuwa sai su zame da dutsen a hannu, su yi nisa a kan ƙanƙara kafin su saki, saitinsu ba ya kuskure, kuma duk dutsen da aka ajiye musu sai su buge shi ya fita. Wasu dattawa suka ce wannan ba kalin ba ne. Amma Kanada ta ɗauki kofin sau shida a jere, huɗu daga ciki a hannun Ernie Richardson, kuma da aka karya wannan jeri a 1965, Bud Somerville na Amurka ne ya karya shi, a garin Perth.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wani manomi daga yankin Perth, Chuck Hay, yana cikin waɗanda suka bar ƙorafi suka koyi zamiyar 'yan Kanada da bugunsu. Ya sha zuwa gasar yana dawowa hannu rabbana, har 1967, da ya doke Suwidin a wasan ƙarshe a Perth, ya ba Sukotlan kambunta na farko na duniya.

Uwa ta yaye 'ya'yanta

A daidai wannan lokaci ƙungiyar ta yi abin da a ganina ya fi kowane kofi daraja. Ƙasashe sun ƙaru a gasar, kuma ba zai yiwu ƙungiyar ƙasa ɗaya ta ci gaba da yi wa kowa doka ba. A 1965 ta kira taro a Perth, kuma a ranar 1 ga Afrilu, 1966, aka kafa tarayyar kalin ta ƙasa da ƙasa da membobi bakwai: Sukotlan, Kanada, Amurka, Suwidin, Norwe, Suwizalan da Faransa. Da farko tarayyar kwamiti ce a ƙarƙashin uwar ƙungiya. A 1982 ta zama mai cin gashin kanta, Sukotlan ta koma memba ɗaya mai kujera kamar ta kowa. Hedikwatar tarayyar tana Perth har yau, kuma wata 'yar Sukotlan, Kate Caithness, ta shugabance ta daga 2010 zuwa 2022, mace ta farko a wannan kujera, wadda kuma ta yi tsayin daka wajen shigar da masu keken guragu cikin wasan.

Wannan sakin ragama shi ya buɗe hanyar Olamfik, domin kwamitin Olamfik da tarayyar duniya yake hulɗa. Bayan an nuna wasan a Calgary a 1988 da Albertville a 1992, ya zama na lambobi a Nagano a 1998. Membobin tarayyar yau sun haura 70, kuma Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta shiga, a 2018. A 2024 matasan Najeriya suka tura dutse a Olamfik ta matasa a Gangwon ta Koriya ta Kudu, mutum huɗu a ɓangare, kowa da duwatsu biyu, kamar yadda aka tsara a Edinburgh.

Ramuwa a gidan almajiri

Bayan Chuck Hay, maza sun jira shekara 24. A 1991 David Smith ya doke Kevin Martin na Kanada a wasan ƙarshe a Winnipeg, kuma cikin tawagarsa akwai David Hay, ɗan Chuck. A 1999 Hammy McMillan na Stranraer ya doke Jeff Stoughton a Saint John, bayan an ƙara turmi na raba gardama. David Murdoch, ɗan gidan makiyayan shanun madara daga Lockerbie, ya ci a Lowell ta Amurka a 2006, sannan a 2009 a Moncton ya kayar da Kevin Martin sau uku a mako guda, na ƙarshen 7 da 6. A 2023 Bruce Mouat ya doke Brad Gushue 9 da 3 a Ottawa, ya sake ɗaukar kambun a Moose Jaw a 2025 bayan ya ci Suwizalan 5 da 4.

Kambu bakwai ke nan. Kanada tana da fiye da 30, don haka babu mai cewa malami ya sake zama gaba. Amma a duba inda aka ci su: biyar a ƙasar Kanada, a gaban dubban 'yan kallonta, kuma huɗu daga cikin biyar ɗin Kanada ce aka doke a wasan ƙarshe. A duba sunayen kuma. Hammy McMillan ƙarami, ɗan zakaran 1999, shi ke tura duwatsun farko a tawagar Mouat, tare da ɗan'uwansa Grant Hardie. Gordon Muirhead yana cikin tawagar 1999, 'yarsa Eve kuwa ita ce za ta zama macen da ta fi kowa suna a wasan a Birtaniya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a Sukotlan yawancin zakaru a ƙaramin zauren garinsu suka fara, suna bin iyayensu da buroshi.

Mata da zinare biyu

An fara gasar duniya ta mata a Perth a 1979. A gasar duniya Sukotlan da tutarta take zuwa, amma a Olamfik da sunan Birtaniya ake shiga, ko da yake 'yan wasan daga Sukotlan suke fitowa.

A Olamfik ta Salt Lake City a 2002, Rhona Martin ta sha kashi a wasanta na ƙarshe na zagayen farko, har ta ɗauka an fitar da su. Sakamakon wani wasa ya sake buɗe musu ƙofa. Suka ci wasannin raba gardama biyu a kan Suwidin da Jamus, suka fitar da Kanada a wasan kusa da na ƙarshe. A wasan ƙarshe da Suwizalan an shiga turmi na goma ana 3 da 3, dutse na ƙarshe yana hannun Martin. Ta saki, Fiona MacDonald da Janice Rankin suna biye, Debbie Knox tana gida tana kira, dutsen ya tafi ya ture na Suwizalan ya zauna a tsakiya. Mutane fiye da miliyan 5 a Birtaniya suna zaune gaban talabijin har tsakar dare. Shi ne zinaren hunturu na farko da ƙasar ta samu tun 1984. Bayan makonni kaɗan Jackie Lockhart ta kawo wa matan Sukotlan kambun duniya na farko daga Bismarck.

Eve Muirhead ta ci na biyu a Riga a 2013 tana da shekara 22. A Sochi a 2014 ta sami tagulla, Murdoch ya sami azurfa. A Pyeongchang a 2018 ta rasa tagulla a hannun Japan a dutse na ƙarshe. A 2021 tawagarta ta ƙare ta takwas a gasar duniya, ba ta sami gurbin Olamfik kai tsaye ba. Masu kula da manyan 'yan wasa suka rushe tsarin tawaga, suka haɗa mata tara wuri ɗaya suna jujjuya su, kowa ta nemi gurbinta, har Muirhead ɗin. Waɗanda suka fito, wato Muirhead da Vicky Wright da Jennifer Dodds da Hailey Duff da Mili Smith, sai da suka bi ta gasar neman gurbi a Leeuwarden ta Holan. Wright ma'aikaciyar jinya ce da ta koma asibiti aiki a lokacin annobar korona. A Beijing suka ci Suwidin 12 da 11 a wasan kusa da na ƙarshe, suka doke Japan 10 da 3 suka ɗauki zinare. Kwana ɗaya kafin nan Mouat ya sami azurfa bayan Niklas Edin na Suwidin ya ci shi 5 da 4 a ƙarin turmi. Waɗannan biyu su ne kaɗai lambobin da Birtaniya ta samu a Beijing. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse har ya sha romonsa, kuma Muirhead sai a zuwanta Olamfik na huɗu ta sha.

A wasan mutum biyu, mace da namiji, Mouat da Dodds sun ci kambun duniya a Aberdeen a 2021, Muirhead da Bobby Lammie suka riƙe shi a Geneva a 2022. Masu keken guragu sun ci na duniya a 2004 da 2005, suka kawo wa Birtaniya azurfa daga Turin a 2006 da tagulla daga Sochi a 2014.

Abin da ke gaban ƙungiyar

Tun 2017 akwai cibiyar horo ta ƙasa a Stirling, inda zaɓaɓɓun 'yan wasa ke atisaye kusan duk shekara da masu horarwa da na'urorin ɗaukar hoto. Abin da Kanada ta samu daga dogon hunturu, Sukotlan ta gina shi da kuɗi da tsari. Sai dai cibiya tana goge gwani ne, ba ta haifarsa. Ana haifarsa a Lockerbie da Stranraer da Perth da Forfar, a zaurukan da ke rayuwa da kuɗin membobi, waɗanda tsadar wutar lantarki ke neman durƙusarwa. A 2023, shekarar da Mouat ya ɗaga kofi a Ottawa, aka rufe zauren ƙanƙara na garin Ayr saboda kuɗin wuta ya fi ƙarfinsa. Ayr kuwa a gaɓar da ke kallon Ailsa Craig take, tafiyar 'yan mintoci a mota daga Mauchline inda ake sassaƙa duwatsun. Tafkunan da kakanni suka dogara da su ba sa daskarewa kamar da, don haka in zaure ya rufe, yaron garin ba shi da inda zai koma.

Wannan shi ne aikin da ya rage wa ƙungiyar da Cairnie ya shugabanta, kuma ya yi kama da wanda ta fara da shi: ta riƙe ƙananan ƙungiyoyi kada su watse. A cikinsu ne ake koya wa yaro abin da littafin doka ya sa a gaba da komai. Kafin wasa a gaisa hannu da hannu, bayan wasa ma haka. Ba a yi wa abokin karawa ihu in ya yi kuskure. In ka ga ba ka da sauran hanyar ci, ka miƙa hannu ka sallama, ba abin kunya ba ne. In kuma buroshinka ya taɓa dutse yana tafiya, ko babu wanda ya gani, kai ne za ka fara faɗa. Da wannan tarbiyya Willie Young ya miƙa wa samarin Regina hannu a 1959, da ita kuma Brad Gushue ya miƙa wa Bruce Mouat nasa a Ottawa bayan shekara 64.